Gyaran Muryar Baba Maina

Tarihin wayewar ɗan Adam, in aka sheƙe shi aka zubar da ƙaiƙayi, bai wuce tambaya guda ba: yaya za ka hana mutum tsugunawa a gindin katangarka ba tare da kun ɓata ba? An kafa dauloli sun rushe, an rubuta dokoki an gina kurkuku, tambayar tana nan inda take. Mai shakka ya bi lungunan Haɗejiya ya karanta katangu. Nan an rubuta "Ba a fitsari a nan." Gaba kaɗan an ƙara "don Allah." Gaba kuma, inda haƙurin mai gida ya ƙare, an ambaci iyayen mai yi. A ƙarƙashin kowane rubutu ƙasa a jiƙe take, ba bambanci tsakanin mai roƙo da mai zagi.

Wannan tambaya ita ce sana'ata tun da na ajiye alli. Ku samarin da ke shigowa rumfata, ku ɗauki akwatin nan ku jujjuya shi ku ce, "Malam, ai wannan aikin wuni ɗaya ne," ban ƙaryata ku ba. Me ke ciki? Ido mai jin motsi, 'yar lasifika, katin memori, batir, sai faifan sola da bai fi tafin hannu ba, duka a cikin robar fenti da aka wanke. Mutum ya tsaya inda bai kamata ba, zai yi abin da bai kamata ba, sai akwatin ya yi gyaran murya. Shi ke nan. Mutanen gari suka raɗa masa suna Kawu. Haɗa shi wuni ɗaya ne, gaskiyarku. Sanin abin da zai ce, da inda zai zauna, da lokacin da zai yi shiru, shi ya fito mini da furfurar nan. Ku samu wuri ku zauna. Kai mai jar hula, sauke ƙafarka daga kan batir.

Rediyona ne ya kai ni wurin Baba Maina, lokacin ina koyar da Hausa a firamare. Rediyon ya daina kama tasha sai an mare shi, na kai masa rumfarsa a bakin kasuwa. Baba ba ya gaggawa. Kullum in an tashi daga makaranta sai in biya in tambaya, kullum sai ya nuna mini benci. Wata rana ya gaji da ganina zaune hannu banza, ya miƙo mini mafici ya ce, "Tica, hura wutar nan." Ƙarfen da yake narka dalma da shi a garwashi ake sa shi ya yi zafi. Na hura. Haka na zama yaron shago, da matata da 'ya'yana da biro a aljihu, ba tare da wani ya tambayi wani ba.

Kayan aikinsa za su shiga aljihun riga: ƙarfen nan, sukundireba da ya yi wa mariƙi da ƙahon akuya, filaya, tsohon burushin haƙori na share ƙura, sai harshensa da yake ɗanɗana batir da shi. Ni na taso da imanin malaman makaranta, cewa duk ɓarnar duniya rashin bayani ne ya kawo ta. Baba bai taɓa yi mini bayanin komai ba. In na ɗora dalma ta yi tuli, sai ya karɓi ƙarfen ya gyara, ya mayar mini, idonsa na kan titi kamar bai ga komai ba. Na fi tuna wannan rashin kallon fiye da duk faɗan da aka taɓa yi mini.

Da waya ta zo ta karya kasuwar rediyo, muka koma gyaran fitilun sola. A cikinsu akwai masu kunna kansu in sun ji motsi. Ranar da na ga wata ta haska don kare ya gifta, na ce in fitila za ta iya haskawa, lasifika ma za ta iya magana.

Aikin farko katangar bayan masallacin unguwarmu ce. Na yi dogon tunani na ga ba abin da ke tsayar da Musulmi kamar sallama: dole ya amsa, kuma ba zai so ya amsa a tsugune ba. Na ɗauki muryata ina sallama cikin ladabi, muka kafe akwatin. Kwana biyu abin yana tafiya, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa. Sai liman ya aiko in same shi bayan la'asar.

"Malam Idi, kai da ka yi karatu, wa ya gaya maka ana yi wa mai biyan buƙata sallama?"

"Allah gafarta Malam, ai kafin ya fara ne."

"Akwatin naka ya san wanda ya fara da wanda bai fara ba? Jiya Ɗan'azumi mahauci ya zo mini da fatawa, wai ya amsa a tsakiyar lamari, ko akwai kaffara. Sannan ka ɗauki sunan Allah ka ajiye a wurin da ni ko takalmina ba na son ajiyewa."

Na cire akwatin kafin magariba.

Na biyu a tasha ne, bayan teburin Habu mai shayi, wanda wari ke korar masa masu ciniki. Wannan karon na koma ga abin da na iya. Na ɗauko muryar aji na ce, "Haba ɗan'uwa, wannan bai dace da mai hankali ba." Na manta rabin direbobin tashar ta ajina suka bi. Suka gane muryar tun a kalmar farko. Sai suka riƙa zuwa da gangan, su jeru gaban katanga, akwatin ya yi magana, su amsa baki ɗaya, "Sannu da zuwa, Malam!" Wani ƙato mai gemu ya ɗaga yatsa ya ce, "Malam, in fita?" Kafin mako ya zagayo, wani da bai yi ajina ba, ko kuma ya yi bai manta bulalata ba, ya fasa lasifikar da dutse. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, magana kowace iri ce tana neman amsa, kuma wanda aka yi wa ita sai ya tashi kare kansa.

Muryar da kuke ji a cikin Kawu ban neme ta ba. Wata azahar ce, an aiko wa Baba abinci daga gida, ya ja kwanonsa can ƙuryar rumfa. Ni na ba shi baya, ina kan teburi da waya a hannu, zan ɗauki wata sabuwar jimla da na tsara. Na danna, na buɗe baki, sai Baba ya yi gyaran murya a bayana. Da na waiwaya ya riga ya kai moɗa baki yana shan ruwa. Na sa abin da na ɗauka a lasifika kafin in goge, sai ya fito: gajere, daga can ƙasan maƙogwaro, sai ɗan tsaiko, sai na biyu mai taushi ya biyo. Daidai lokacin wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar rumfa, ya tsotse ledar ruwa, ya ɗaga hannu zai jefa a kwata. Hannun ya tsaya a sama. Ya dubi hagu da dama, bai ga mai kallonsa ba, ya murje ledar ya cusa a aljihu, ya ja babur.

Na ce, "Baba, ka ga abin da na gani?"

Ya ce, "Na ga ka bar ƙarfe a wuta."

Na yi shekaru ina nazarin wannan sauti. Gyaran murya tsohuwar hanya ce a wurinmu. Mai nufar banɗaki yana yi don na ciki ya sani. Uba in zai shiga zaure ya ji samari na hirar da ba ta kunnensa ba ce, tun daga waje yake yi, don su gyara kafin ya iso. Abin da yake cewa shi ne: ina nan, amma ban gan ka ba tukuna. Ba zargi a ciki, ba abin da za a mayar wa martani. Na Baba kuwa ya fi na kowa. Na farkon yana sanar da kai akwai babba a kusa. Tsaikon nan yana ba ka sarari ka janye hannunka. Na biyun, mai taushin, yana cewa ba komai, ɗana, wuce abinka. Na taɓa yi wa taron tsofaffin malamai jawabi a kan tsaikon kaɗai, har aka tafa mini.

Yanzu ga abin da wuni ɗaya ba zai koya muku ba. Idon nan a ƙasar da maza ke fitsari a tsaye aka ƙera shi, namu kuwa tsugunawa suke. In ka kafe shi a tsayin ƙirji yadda masu shi suka tsara, zai yi wa duk mai wucewa gyaran murya ya bar mai laifi lafiya lau. Don haka Kawu a ƙasa yake zama, ba ya wuce gwiwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. A ƙasa kuma akwai awaki da kaji, sai da na koya masa haƙuri: wanda ya gifta a ƙyale shi, wanda ya tsaya ya yi jim shi ake nufi. Akuyar da ta kwanta a inuwa kuwa haka za ta sha gyaran murya wuni guda ko kunne ba ta kaɗa ba. Har yau ban sami maganin wannan ba.

Ƙarar ta isa kunnen mutum ɗaya. In na biyu ya ji, ba gyara ka yi ba, tonon asiri ka yi. Kuma ba na kafa Kawu inda ba mafita. In don shara ne, a ajiye kwando kusa. A kasuwar kifi sai da aka yanka ganga aka ajiye wa masu fafe kifi kafin in taɓa sukundireba. In don fitsari ne, a zana kibiya mai nuna banɗaki, banɗakin kuma ya kasance a buɗe. Dattijo mai ciwon suga da ya taso daga Jahun a matse a bayan mota, ba rashin tarbiyya ke damunsa ba.

Ɗayanku ya ba ni shawara in sa kyamara, a riƙa yaɗa hotunan masu yi a waya. Katanga za ta bushe, wannan gaskiya ne. Amma mutumin yana da surukai, yana da 'ya'ya a makaranta, kuma gobe da asuba sahu ɗaya za ku tsaya da shi.

Akwai aikin da muka ƙi. Wani Alhaji ya zo da mota, yana so a kafa masa Kawu a ƙofar gida saboda masu sammako da 'yan buƙatu. Ya ce a ƙara masa ƙarfi yadda za a ji daga titi. Ina laluben kalmar da zan ƙi da ita cikin ladabi, sai Baba, wanda ba ya sa baki a ciniki, ya ce, "Alhaji, muryar nan tawa ce. Ban taɓa korar mai sallama da ita ba." Alhaji ya sayi fitila ɗaya don kada ya fita hannu banza.

Aikin da ya fi ba ni haushi a wani ƙauyen masunta ne wajen Kirikasamma. Damuwarsu mashaya ce: inda mata ke ɗibar ruwa, nan samari ke wanke babura suna zubar da cikin kifi. Na durƙusa zan kafe akwatin a gindin wata tsamiya, sai Bulama, mai garin, ya ce in dakata.

"Muryar wa ke ciki?"

"Ta maigidana ce, ranka ya daɗe."

"Dattijo ne?"

"Ya girme ni, ya girme ka."

"To ba za a ajiye dattijo a ƙasa kaji su tona shi ba. A kai shi sama."

Na yi masa bayanin ido da tsayi, har da zane a ƙasa da tsinke. Ya saurare ni cikin mutunci har na gama, sannan ya sa aka kawo tsani. Haka aka ɗaure Kawu a reshe, idonsa na kallon ƙasa, yana yi wa duk wanda ya ɗan tsaya a inuwar gyaran murya, mai laifi da mara laifi, har da Bulaman kansa. Na dawo gida ina cewa na ɓata aiki.

Bayan haka ne muryar Baba ta fara dishewa. Aka yi na gida, aka yi na asibiti, daga ƙarshe aka kai shi Kano aka yi masa aiki a wuya. Ya dawo da ransa da ƙyalle ɗaure a maƙogwaro, murya kuwa ta tafi gaba ɗaya, ko raɗa babu. Duk da haka kowace safiya sai ya dogaro sandarsa ya zo rumfa. Akwai Kawun gwaji da nake ajiyewa a ƙarƙashin teburi. Baba zai zauna, ya miƙa sandar gaban idon, ya riƙe. Akwatin ya yi gyaran murya, mu kuma mu ce, "Ina kwana, Baba." Da shi yake gaisawa. Da shi yake tsayar da musu in majalisar bakin rumfa ta yi zafi. Da shi yake katse ni in na ja wa mai ciniki bayani ya yi tsawo, abin da ke faruwa a kowace rana. Na ce in haɗa masa wani ya kai gida, ya girgiza kai. Ban tambayi dalili ba.

Sai shekarar babbar ambaliya ta zo. Kogi ya cika, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, gari ya fita jingar tare ruwa da buhunan ƙasa. Ni ma ina can ina riƙe bakin buhu, wayata a aljihun gaba. Na sunkuya, ta faɗa ruwa da muryar Baba a cikinta, ban sake ganinta ba. Muna tare ruwa ta gaba, ya zagayo ta kwatoci ya shiga gefen kasuwa, ya kai wa rumfarmu ƙugu. Katunan memorin da nake adana muryar suna cikin gwangwani a aljihun teburi na ƙasa. Sauran Kawunnan gari kuwa, na ce ku riƙe: ba wanda ya wuce gwiwa.

Da ruwa ya janye na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu ruwa ya tafi da su. Wasu na tono su daga laka, ruwan batir ya cinye katin ya koma kore. Na wanke, na shanya, na binne su a shinkafa kamar yadda ake cewa a yi, a shekarar da ba mai shinkafar da zai binne abu a ciki. Ko ɗaya bai farfaɗo ba. Mutane sun rasa gonaki da ɗakuna, ba wanda zan tara in ce na rasa gyaran murya.

Amma masu ciniki suka dawo, don bayan ambaliya ƙazanta ta yi yawa, kowa na tsoron amai da gudawa. Na shiga neman madadi. Na fara da nawa. Habu mai shayi ya saurara ya ce, "Malam, wannan ai kamar za ka fara kiran suna." Na roƙi liman ya yi, ya yi mai tsawo mai nauyi, wanda ya ji sai ya gyara zama yana jiran huɗuba. Na gwada na wani tsohon ɗan sanda, mutum na farko ya ruga ya bar butarsa. Ɗaya daga cikinku ya haɗa mini wani a kwamfuta, tsaf-tsaf, ba ƙura ba hayaniya. Bayan kwana biyu Habu ya ɗauko akwatin da kansa ya dire mini.

"Cire mini wannan. Fasinjoji sai tambayata suke wa ke kwance ba lafiya a bayan katanga. Jiya wata tsohuwa ta ce in gaya masa ya sha zuma da citta."

Baba ya zo rumfa sau ɗaya bayan mun kwashe laka. Ya zauna, ya miƙa sandarsa ƙarƙashin teburi, sai nawa gyaran muryar ya fito. Ya dubi akwatin, ya dube ni. Wannan karon ya dube ni. Ya tashi ya tafi, bai sake zuwa ba. Ana nan sai matarsa, Inna Falmata, ta aiko in je. Na same ta a tsakar gida.

"Tica, me kuka yi masa a shagon nan? Tun da ya dawo ya juya wa duniya baya. Abinci sai ya taɓa ya ture. Likita ya ce ba abin da ya ƙaru a wuyan."

Na gaya mata abin da ruwa ya ci. Ta ce, "To ka nemo masa." Kamar wadda ke aikena kasuwa sayen gishiri. Ina fita zaure na tuna tsamiyar Bulama.

Hanyar Kirikasamma ta yanke a lokacin. Mota ta kai ni inda kwalta ta nutse, daga nan na shiga kwale-kwale. Mai fito ya bi da mu ta kan gonaki, kawunan dawa na shafar gefen jirgi. Mutanen ƙauyen sun koma kan tudu, sun kafa bukkoki. Na sami Bulama a kan tabarma, na gaishe shi, na yi masa jaje, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ɗauki sandarsa ya shigo jirgin.

Mashayar babu ita, babu alamar an taɓa yinta. Tsamiyar na tsaye a cikin ruwa har wuya. Ina hango robar fenti a reshe, rana ta kode ta, tsuntsaye sun yi mata ado. Mai fito ya kai mu ƙarƙashinta ya kafa gora ya tsayar da jirgin. Ba abin da ya motsa. Na fara lissafin batir da damina da tsatsa. Mai fito, wanda tun da muka taso yake tauna goro, ya tara yawu ya karkata kai zai tofar.

Daga saman tsamiya Baba Maina ya yi gyaran murya. Na farko, tsaiko, na biyu.

Mai fito ya haɗiye.

Bulama ya ce, "Kullum haka yake. Ko jirgi ne ya tsaya sai ya yi masa magana." Ya juyo gare ni. "Da ka ajiye shi a ƙasa fa, Malam?"

"Da kaji sun tona shi, ranka ya daɗe."

Ban yarda na buɗe shi a kan ruwa ba. Muka kwance shi, na naɗe shi a leda, na naɗe ledar a babbar rigata, na rungume. Da za mu rabu Bulama ya ce, "Aro muka ba ku. Ku dawo mana da shi. Tun da ruwa ya ci garin nan shi kaɗai ne bai yi ƙaura ba."

Ban biya rumfa ba, gidan Baba na nufa. Na yi sallama, Inna ta ce in shigo. Yana kwance a tabarma, fuskarsa na kallon bango, kwanon abinci a rufe a gefe. Na ajiye akwatin a bakin ƙofar ɗaki, na ɗauko sandarsa na sa masa a hannu. Ya juyo a hankali. Ya ga robar, ya ga kashin tsuntsun da ke kanta, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa sandar ya riƙe.

Da sautin ya fito sai ya tashi zaune. Ya lalubo hularsa ya sa. Ya sake miƙa sandar, ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa aiki ya ga an yi daidai. Na buɗe baki zan ba shi labarin tafiyar tun daga inda kwalta ta nutse, ya miƙa sandar a karo na uku. Ya nuna kwano, Inna ta buɗe masa.

Washegari ya zo rumfa, kuma bai daina zuwa ba har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Na kwafi muryar a katuna da yawa, na rarraba a gidajen da ke kan tudu. Na mayar wa Bulama nasa da sabon batir, na hau tsani da kaina na ɗaure shi a reshen. Duk Kawun da kuka ji a garin nan yau, a tasha ko kasuwar kifi ko bayan masallaci, daga wannan tsamiya ya sauko.

Saura abu ɗaya, tunda kun zauna har yanzu. Inna Falmata ba ta taɓa jin Kawu ba sai ranar nan. Ba a kai shi gidanta ba, ita kuma ba ta taɓa yin abin da zai sa ya kula ta a titi ba. Lokacin da Baba ke miƙa sanda na gan ta tsaye da bakin mayafi a ido, kafaɗunta na rawa. Da zan tafi ta rako ni zaure, sai na ga dariya ce ta haɗu da hawayen.

"Tica, wannan ne abin da kuka cika gari da shi?"

"Shi ne, Inna. Kin lura da tsaikon nan na tsakiya? A nan duk hikimar take. Na farkon yana sanar da mutum cewa..."

"Yaushe ka ɗauka?"

Na gaya mata: wata azahar, a rumfa, an aiko masa abinci.

"Na sani," in ji ta. "Tun ina yarinya nake zaune da mutumin nan. Na tsawatarwa daban, na neman ruwan alwala daban, na baƙo ya daɗe daban. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Karfasa na dafa masa ranar. Haka ya dawo gida yana ta yi, sai da na ba shi lomar tuwo ya haɗiye ba tauna."

Ƙayar kifi ce ta maƙale masa.